Har yanzu yana tambayar yaushe babansa zai dawo

Wata uwa ce ta aiko da wannan:

"Maigidana ya rasu wata tara da suka wuce. Yanke jiki ya yi ya faɗi a ɗaki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar min yara biyu, mace mai shekara 15 da namiji mai shekara 6. Ƙaramin mun ce masa babansa ya yi tafiya, har yau yana tambayar yaushe zai dawo. Ya koma fitsarin kwance, kuma ba ya yarda in yi nisa da shi. Babbar a gabanta abin ya faru. Ba ta yi kuka ba, ko a ranar. Yanzu ba ta hira da kowa, ba ta shiga ɗakin da ya faɗi, karatunta ya ja baya, in aka ambaci sunansa sai ta tashi ta bar wurin. Malamarta ta ce in kai ta wurin masanin halayyar ɗan Adam. Dangi sun ce 'yata ba mahaukaciya ba ce, a yi ta addu'a, lokaci zai warkar. Ni kaina ba na iya barci. Me zan yi?"

'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ki haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da na fara gani shi ne yaran nan biyu ba matsala ɗaya gare su ba. Wanda yake kuka yana riƙe zanenki bai tayar min da hankali kamar wadda ta yi shiru ba. Malamar nan ta faɗa miki gaskiya: ki kai babbar wurin ƙwararre cikin makonnin nan. Ƙaramin kuwa, abin da yake buƙata da farko a bakinki yake.

Bari mu fara da shi. Na san tausayi ne ya sa kuka ce masa tafiya babansa ya yi, kuma ba wanda zai ga laifinku a ranar da hankali ba ya jikin kowa. Amma ki duba yadda maganar take zaune a kan yaro ɗan shekara shida. Baba ya tafi bai yi masa sallama ba, bai kira ba, bai aiko ba, wata tara. Ko dai ni na yi wani laifi da ya kore shi, ko kuma manya suna iya ɓacewa haka kawai. In Baba zai iya, Mama ma za ta iya. Wannan lissafin ne ya hana shi sakinki ko nan da ƙofa. Kuma yana ganin idanunku, yana jin an sauke murya in ya shigo. Ya san akwai abin da ake ɓoye masa, sai ya cike gurbin da tunaninsa, wanda sau da yawa ya fi gaskiyar ban tsoro.

Masana sun daɗe suna nazarin yadda yara ke fahimtar mutuwa. Galibi tsakanin shekara 5 zuwa 7 yaro yake fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, jikinsa ya daina aiki gaba ɗaya, kuma abin yana kan kowane mai rai. Ɗanki yana daidai wannan gaɓar, zai iya ɗaukar gaskiya in aka ba shi ita da kalmomi masu sauƙi. Ki zaɓi lokacin da ba gaggawa, da rana, ba dab da kwanciya ba. Ki zaunar da shi a jikinki ki ce masa: "Akwai maganar da ban faɗa maka daidai ba. Baba ba tafiya ya yi ba. Zuciyarsa ce ta daina aiki, ya mutu. Wanda ya mutu ba ya numfashi, ba ya jin zafi, ba ya jin yunwa, kuma ba ya dawowa. Na ce maka tafiya ne saboda ban san yadda zan faɗa maka ba." In likita ya gaya miki wani dalili daban, shi za ki faɗa. Kada ki ce barci yake yi, don yaron zai fara tsoron rufe ido. Ki kuma yi hattara da cewa Allah ya ɗauke shi ne don mutumin kirki ne, domin ƙaramin yaro yana iya fassara ta da cewa kirki ne ke jawo a ɗauke mutum. Abin da kika yi imani da shi game da lahira ki faɗa masa, amma bayan ya gane abin da ya faru da jikin.

Kada ki yi mamaki in ya saurare ki ya gama ya ce zai je wasa. Ba taurin zuciya ba ne. Yaro ba ya iya riƙe baƙin ciki na dogon lokaci a zama ɗaya, yana shiga ya fita, ya yi kuka yanzu, anjima ya yi dariya. Zai dawo da tambaya ɗaya sau da yawa, ki ba shi amsa ɗaya kowane lokaci. Abu biyu ki faɗa masa ko bai tambaya ba. Na farko, babu abin da ya yi ko ya faɗa ko ya yi tunani da ya jawo mutuwar, domin yara masu shekarunsa suna ɗauka fushinsu yana iya kashe mutum. Na biyu, wa zai kula da shi. In ya ce ke ma za ki mutu, kada ki yi masa alkawarin da ba a hannunki yake ba. Ki ce lafiyarki ƙalau, kina fatan daɗewa tare da shi, kuma ko da wani abu ya same ki, ga wane ga wance da za su riƙe shi. Ki kira sunayensu.

Fitsarin kwancen abu ne da aka saba gani ga yaron da ya shiga firgici. Ba duka, ba gori, ba faɗa wa baƙi. Ki sa likitan yara ya duba fitsarinsa don a tabbatar ba wani ciwo ba ne, musamman in yana kukan zafi ko yana yawan jin ƙishirwa. Ina kyautata zaton bayan ya ji gaskiya zai yi 'yan makonni masu wuya, sannan ya fara sakewa. Idan aka yi wata biyu ko uku abin yana ƙara gaba, ya ƙi makaranta, ko mugayen mafarkai suka dame shi, to shi ma a kai shi. Aikin ƙwararre da yaro irinsa yawanci da zane ne da wasa da labari, kuma rabin aikin da ke za a yi shi.

Yanzu babbar. Rashin kukanta shi kaɗai ba ya nuna komai, akwai masu alhini mai zurfi da ba sa zubar da hawaye. Abin da ya tsaya min shi ne haɗuwar abubuwan: ta ga faɗuwar da idonta, tana gudun ɗakin, tana gudun sunan, ta janye daga mutane, karatu ya lalace, kuma an shiga wata na tara ba sauƙi. Yaron da mutuwa ta faru a gabansa ba zato yakan faɗa wani tarko. Duk lokacin da ya so tuna mahaifinsa, maimakon murmushinsa ko muryarsa, hoton ranar ne yake faɗo masa. Don ya tsira daga hoton sai ya rufe ƙofar tunanin gaba ɗaya, har da mai daɗin. Saboda haka ba ya samun yin jimamin ma, razanar ta tare hanya. Kuma gudun yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, shi ya sa yake ƙara ƙarfi: yau ɗaki ne, gobe suna, jibi duk wanda ya san shi. Irin wannan ne lokaci shi kaɗai ba ya cika warware shi.

Akwai kuma abin da nake zargin tana ɗauke da shi ita kaɗai. Wanda yake wurin a irin wannan ranar kusan kullum yana da "da na sani" tasa. Da na yi ihu da wuri, da na iya danna ƙirji, da ban tsaya ina kallo ba. 'Yar shekara 15 tana iya yanke wa kanta hukunci a ɓoye ta zauna da shi shekaru, kuma ke ce ta ƙarshe da za ta faɗa wa, saboda tana ganin nauyin da ke kanki.

Ba zan sa wa 'yarki sunan ciwo daga wasiƙa ba, wannan aikin wanda zai zauna da ita ne. Amma ki sani likitanci ya san wannan hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa alhinin da ya daɗe ya hana mutum rayuwa cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta yi haka a shekarar, inda ta ce ga yara da matasa ana iya duba lamarin daga wata shida bayan rasuwar. Ƙwararren zai kuma duba ko akwai ciwon razana bayan mummunan abu, ko ciwon damuwa, don sukan zo tare.

Mutane suna tsoron wannan jinya ne saboda ba su san me ake yi a ɗakin ba. Hira ce mai tsari, galibi sau ɗaya a mako, kimanin awa ɗaya, kuma tana da ƙarshe. Hanyar da aka fi gwadawa a bincike ita ce wadda ake taƙaita sunanta da CBT, wato gyara tunani da ɗabi'a. Akwai reshenta da Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara a Amurka domin yaran da suka ga abin firgici, ana kiran shi TF-CBT, kuma yawanci zama goma sha biyu ne zuwa sama kaɗan. Ba a fara shi da ranar rasuwar. Ana fara koya wa yarinya yadda za ta kwantar da jikinta in tsoro ya taso, da yadda za ta gane abin da take ji ta kira shi da sunansa. Sai a hankali ta fara ba da labarin ranar, a rubuce ko da baki, kaɗan kaɗan, har hoton ya rage ƙarfi. A nan ne ake zaro tunanin laifin a duba shi da ita: me kika sani a lokacin, me yarinya za ta iya yi, me likita ya ce. Bayan nan ake buɗe ƙofar tuna mahaifin kansa, abin da ta rasa, abin da ya bar mata, har da abin da ya taɓa ɓata mata rai, don shi ma yana cikin alhini. A ƙasar Holan, Paul Boelen da Mariken Spuij sun gwada wani tsari mai kama da wannan, zama tara ga yaro, biyar ga iyaye. Sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna ya fi hirar lallashi kawai rage alhinin da ya maƙale. Wannan ya sa nake so ki tambayi duk wanda za ki je wurinsa: ka taɓa aiki da matasan da suka yi rashi? Wace hanya kake bi? Ni mene ne nawa aikin? Yaushe za mu zauna mu duba ko ana samun ci gaba? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayoyin nan ba.

In babu irin wannan ƙwararre kusa da ke, ki fara da likitan yara ko likitan da kuka saba gani, ko mai ba ɗalibai shawara a makarantarta, su tura ki gaba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin horar da likitoci da ma'aikatan jinya na gama-gari kan lafiyar ƙwaƙwalwa, saboda ƙwararrun ba su wadata ba a ƙasashe da yawa. Wasu kuma suna ganin mutum ta bidiyo a intanet. Ƙwayar magani ba ita ce jinyar alhini ba. In likita ya ga ciwon damuwa mai tsanani yana iya rubutawa yana bibiya, amma kada ki sayo mata maganin barci da kanki.

Yadda za ki kawo mata maganar yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ta ji kamar an kai ƙararta, kada kuma a yaudare ta a ce wani wuri za a je. Ki ce mata: "Abin da kika gani ranar nan ya fi ƙarfin kowa, kuma ina ganin kina ɗauke da shi ke kaɗai. Akwai masu aikin taimaka wa mutane da irin wannan. Ni ma zan ga wani. Ki gwada zama uku, in mutumin bai kwanta miki ba mu canza." Ki ba ta zaɓi inda zai yiwu, mace ko namiji, wace rana. Ki yarda cewa abin da ta faɗa a can sirrinta ne, sai in akwai haɗari ga rayuwarta, kuma kada ki tsare ta da tambaya a hanyar dawowa. Makonnin da za ta fara taɓa labarin ranar tana iya ƙara fushi ko kuka. Ki gaya wa mai jinyar, kada ki janye ta.

Tambaya ɗaya kuma ba za ta jira ganin likita ba. Ki same ta ku biyu ki tambaye ta kai tsaye, a natse, ko tana jin gara ta mutu, ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Na san bakin uwa yana nauyin furta wannan. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi, kuma ga wadda take da shi sauƙi ne babba a tambaye ta. In ta ce e, ko kika ga yanka a jikinta, ko ta fara rabar da kayanta, ko ta daina cin abinci, ko tana maganar bin babanta, a ranar za ku je asibiti, ki kuma kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutarwa daga inda hannunta zai kai.

Dangi kuwa, kada ki yi faɗa da su, da ƙauna suke magana, kuma akwai gaskiya a wani ɓangare na zancensu. Yawancin yaran da suka rasa uwa ko uba ba sa buƙatar jinya, kulawar gida ta ishe su. Sai dai 'yarki ta nuna alamun da suka fitar da ita daga cikin yawancin. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne, ki riƙe duka biyun. Baƙin ciki ma ba raunin imani ba ne: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki. Ba sai kin nemi izinin kowa ba, ba kuma sai kin sanar da kowa ba. Alfarma ɗaya ki nema a wurinsu: su daina ce wa yarinyar ita ce babba, ta daure ta riƙe mahaifiyarta. Maganar tana kama da yabo, amma abin da yarinya ke ji a ciki shi ne ba ta da izinin karyewa.

Layinki na ƙarshe, wanda kika rubuta kamar ba komai ba, shi ne ya fi tsaya min a rai. A ƙarshen shekarun 1980 William Worden da Phyllis Silverman na Jami'ar Harvard suka bi yara 125 da suka rasa uwa ko uba a yankin Boston har shekara biyu. Cikin abubuwan da suka fi nuna yadda yaro zai kasance akwai halin da uwa ko uban da ya rage yake ciki. Sun kuma ga cewa wasu yaran sai a shekara ta biyu matsalarsu take fitowa, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. A Jami'ar Jihar Arizona, Irwin Sandler da abokan aikinsa sun gina wani shiri na zama goma sha biyu a kan wannan fahimtar: a ƙarfafa uwa ko uban da ya rage, a koya masa sauraro da nuna ƙauna da tsayawa kan dokar gida, a koya wa yaran hanyoyin jurewa. Sun bi iyalan shekaru bayan haka suka ga amfanin yana nan. Ban kawo wannan don in ƙara miki nauyi ba. Na kawo shi ne don kada ki ɗauki kula da kanki a matsayin son kai. Wata tara ba barci abin kai wa likita ne. Ki je, ki faɗi komai.

A gida, ki bar su su ga hawayenki wani lokaci, ki ce musu kewar Baba ce, anjima za ki ji sauƙi. Yaran da ba su taɓa ganin uwarsu ta yi kuka ba sukan koyi cewa abin ɓoyewa ne. Kuka mai tsanani da ba ki iya tsayar da shi ki kai shi wurin babba irinki. Lokacin barci da na tashi da na karatu su zauna yadda suke, dokokin gida ma haka. Tausayi yakan sa a sakar wa maraya komai, alhali iyakar da ya saba da ita tana cikin abin da ke gaya masa duniya ba ta rushe duka ba. Ki ware wa kowannensu ɗan lokaci a mako, ko minti goma sha biyar ne, shi ya zaɓi abin da za ku yi, ba nasiha ba tambaya. Da babbar, hira takan fi zuwa in hannu yana aiki ko kuna tafiya, ba ido cikin ido ba.

Sunan mahaifinsu kada ya ɓace daga gidan. Ki riƙa ambatonsa a cikin zancen yau da kullum, abin da yake so, abin da yake ba shi dariya. In ta tashi ki bar ta ta tashi, kada ki bi ta, kada kuma ki daina. Ƙaramin ki ba shi wani abu na babansa ya ajiye, ki ajiye wa babbar nata har ranar da za ta nema. Ɗakin kuwa kada a tilasta mata shiga, wannan yana cikin abin da za ta yi mataki mataki tare da mai jinya. In an samu rukunin matasa da suka yi irin rashinta, yana da amfani daga baya, domin ɗan shekarunta ba abin da ya tsana kamar ya zama shi kaɗai ne daban a cikin tsara. Tun 1982 wata cibiya mai suna Dougy Center a birnin Portland na Amurka take haɗa yara irin haka, kuma an kwaikwayi tsarinta a ƙasashe da dama. Amma ga wadda hoton ranar bai sake ta ba, ganin ƙwararre ita kaɗai ne farko.

Ki koma wurin malamar nan, da alama tana da ido kuma ta damu da 'yarki. Ki roƙe ta ta sanar da sauran malamai a asirce, a sassauta mata wa'adin ayyuka na wani lokaci, a ba ta damar fita daga aji na 'yan mintuna in abin ya taso mata ba tare da an tambaye ta dalili a gaban ɗalibai ba. Kafin ranar ganin likita kuma ki rubuta a takarda yadda take barci, yadda take cin abinci, abin da ta daina yi da lokacin da ta daina, da abin da malamar ta lura da shi, don kada ki manta da wani abu in kun zauna. Ki rubuto min bayan kin yi magana da ƙaramin, ina son jin yadda ya karɓa.